Shafin Bel Da Darajar Aikin Hannu

Da wuya ka sami ma'aikaci ko ɗalibi a ƙasar nan wanda bai taɓa sayen bel a bakin titi ba, ya ɗaura wata uku, sai ya ga ya dare a wurin huji, bayansa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Abin da ake sayar mana da sunan fata galibi roba ce da aka manna wa kwali ko ƙyalle. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Wannan takaicin ne ya kai ni rumfar wani dattijon baduku a cikin birnin Kano, na roƙe shi ya koya mini ɗinka bel mai shafi da hannuna. Na yi ta zuwa kowace Asabar har na iya.

Aikin yana farawa da zaɓen fata. Fuskar bel daga ƙirgi ake yanko ta, wato jemammiyar fatar sa, kuma daga gadon baya, domin nan ne fata ta fi tauri. Ta wajen ciki sako-sako ce, da an ɗaura sai ta miƙe. Shafi kuwa fatar akuya ake sa masa, mai laushi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Faɗin da aka saba inci ɗaya da rabi ne. Tsawo kuma ana auna shi daga inda fata ta naɗe kan ƙarfe zuwa hujin tsakiya, ya yi daidai da ƙugun mai shi. Huji 5 ake yi, inci ɗaya tsakanin kowanne, saboda jikin mutum yakan ƙaru yakan kuma ragu.

Sai a fere wurin naɗin da wuƙa har ya yi siriri, a shafa gam, a haɗa fatun biyu baya da baya, a danne su. Daga nan ɗinki ya zo, kuma a nan ne haƙuri yake ƙarewa ga mai gaggawa. Basilla ce ke huda, allura biyu ke bi da zare guda da aka murza da kakin zuma, ɗaya ta shiga ta dama, ɗaya ta hagu, su haɗu a rami guda. Bel mai inci 40, idan ana huda 8 a kowane inci, gefe biyu sun kai huda 640. Ladar wannan wahala a bayyane take. Ɗinkin keke idan ya tsinke a wuri ɗaya sai ya yi ta warwarewa. Na allura biyu ko zare ya tsinke, ɗan uwansa yana riƙe. A ƙarshe a daidaita gefuna, a jiƙa su kaɗan, a goga da itace da kaki har su yi sheƙi.

Wata rana na tambayi dattijon: "Baba, tunda shafi ba a ganinsa, me zai hana a bar shi a rage kuɗi?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaro, ido ba ya gani, amma ƙugu ya sani." Gaskiyarsa. Shafi ne ke shan gumi, shi ke hana bel miƙewa, shi ke kare riga daga kaushin bayan ƙirgi. Rabin ƙarfin bel yana ɓangaren da mai saye ba ya dubawa, kuma nan ne mai ha'inci yake fara ragewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba fata muka rasa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato, da 'yar uwarta ta Maraɗi, tana cikin mafi daraja a duniya. Ayari ya daɗe yana ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta tsallaka Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammiyar fata ke cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna sarrafa fata, mafi yawanta ta tafi Italiya da Sifen, ta zama jaka da takalmi masu tsada da sunan wasu. Ƙirgi kuwa da yawansa tukunya yake shiga a matsayin ganda. Mu da ke da dabbar, da bagaruwar, da majeman Ƙofar Wambai, mu ne ke ɗaure da roba.

Mu 'yan boko muna da hannu a wannan. Muna yabon aikin hannu a taro, amma a kasuwa mu taya wa baduku aikin wuni guda kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Idan ya rage shafi ko ya koma wa roba don ya tsira, mu ce sana'ar ta lalace. 'Ya'yansa suna kallo, shi ya sa da yawansu suka gwammace tuƙa adaidaita sahu. Ranar da dattijo irin wannan ya kwanta dama ba magaji, ilimin da ke yatsunsa ya tafi, domin ba a rubuce yake ba.

Muna da cibiyar koyar da fasahar fata ta tarayya a Zariya. Ya kamata ɗalibanta su riƙa zama a rumfunan dukawa, dukawa kuma su sami kayan aiki da awo na zamani daga gare ta. Kai kuma mai karatu, idan ka tashi sayen bel, leƙa Kasuwar Kurmi ko rumfar badukun garinku. Juya bel ɗin ka duba bayansa, ka ƙirga ɗinkin, ka shinshina warin bagaruwa, sannan ka biya abin da aikin ya cancanta.