Rajistar Aji da Fashin Ɗalibai a Makarantun Lafia

Daga cikin littattafan da aka wajabta wa kowace makarantar firamare ta ajiye, babu wanda ake buɗewa a kai a kai kamar rajistar aji, wato littafin da malami yake kiran sunayen ɗalibansa a ciki kowace rana, kuma babu wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamar ita. Tsofaffin malaman da suka fara aiki a ƙasar Lafia tun tana cikin jihar Binuwai-Filato, suka ga ta koma jihar Filato a 1976, har ta zama hedikwatar jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, sun ga an sauya manhaja da sunayen hukumomi sau da dama, amma rajista tana nan yadda suka same ta, da sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa da kuma ranakun mako a shimfiɗe daga hagu zuwa dama. Abin da shekaru suka koya wa irin waɗannan malamai shi ne cewa littafin yana iya faɗin wanda bai zo ba, amma ba ya faɗin abin da ya hana shi zuwa, alhali kuwa dalilin ne kaɗai yake nuna abin da ya kamata a yi.

Ƙa'idar cika rajista ba ta da wuya. Ana kiran suna sau biyu a rana, da safe bayan an watse daga layin taro da kuma bayan an dawo daga tara, wato hutun cin abinci. Wanda ya amsa sai a yi masa karkataccen layi, wanda bai amsa ba kuma a zana masa sifili. A ƙarshen mako malamin aji yakan tara adadin halarta, ya raba shi da adadin da za a samu da kowa ya zo, ya fitar da kaso cikin ɗari, sannan hedimasta ya duba ya sa hannu. Ajin da ke da ɗalibai 40, alal misali, yana da halarta 400 a mako mai kwana biyar, don haka idan aka samu 340 sai a rubuta kashi 85 cikin ɗari, wanda a idon sifeto ba abin tayar da hankali ba ne. Sai dai sifili 60 ɗin da suka rage suna iya zama na yara da yawa waɗanda kowannensu ya yi fashi sau ɗaya ko biyu, suna kuma iya zama na yara shida kacal waɗanda ba su taka makarantar ba tun daga Litinin har Juma'a, kuma waɗannan al'amura biyu ba su da wata dangantaka ban da cewa lissafi ya haɗa su a lamba ɗaya. Shi ya sa gogaggen malami ba ya tsayawa ga jimlar da ke ƙasan shafi, sai ya bi layin kowane yaro har ƙarshe, sannan ya bi kowace rana ta mako ya ga inda sifili suka fi taruwa.

Wanda ya yi wannan bibiya a makarantun Lafia da kewayenta zai ga cewa fashi yana da lokutansa. A ƙauyukan da ke wajen Assakio da Adogi da Agyaragu, inda Alago da Eggon da Migili da Tibi da Gwandara suke noman doya da riɗi da agushi da rogo, zangon farko na shekarar karatu yakan faɗo daidai da kaka, kuma riɗi musamman ba ya jira, domin idan ya bushe a tsaye kwansonsa fashewa yake yi ya zubar da ƙwayar a ƙasa. Uban da ya riƙe ɗansa kwana uku don a yanke riɗi ba maƙiyin boko ba ne, mutum ne da yake auna asarar da yake gani da idonsa da wadda ba ya gani, kuma malamin da ya fahimci haka yakan nemi a rage kwanakin ko a saki yaron bayan aikin safe, maimakon ya aika da saƙon barazana wanda ba zai haifar da komai ba sai gaba. A cikin gari kuwa ranar kasuwa ce take cinye aji, musamman a unguwannin da ke kusa da kasuwar Alhamis, inda sifilin 'yan mata masu talla da na samari masu dako da turin baro yake jeruwa a rana ɗaya mako bayan mako. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro ne yake kwantar da ƙanana, ga rafukan da suke cika su raba wasu rugage da ƙauyuka da makaranta.

Akwai kuma fashin da babu hannun yaro ko iyayensa a ciki. Rikicin da ya shafi yankin Alakyo da Assakio a 2013, da kuma tashe-tashen hankulan manoma da makiyaya da suka taɓa Awe da Keana da Obi da Doma a 2018, sun raba iyalai da yawa da gidajensu, har wasu makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira, sannan a 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya baki ɗaya na tsawon watanni. Zana wa yaron da irin wannan larura ta hana zuwa sifili iri ɗaya da na wanda ya fito daga gida da kayan makaranta ya zarce gindin mangwaro zalunci ne a rubuce, domin adadin halartar yakan koma cikin katin sakamako, ya bi yaron zuwa duk makarantar da ya koma.

Wasu ƙasashe sun daɗe da rarrabe fashi. A Ingila ana raba shi gida biyu, wanda makaranta ta amince da uzurinsa da wanda ba ta amince ba, kowane dalili da harafinsa a rajista, kuma ɗalibin da ya rasa kashi 10 cikin ɗari na zaman aji ko fiye ana lissafa shi cikin masu yawan fashi, ko da uzurinsa karɓaɓɓe ne, tun da darasin da ya wuce shi ya riga ya wuce. Wannan ma'auni na ƙarshe abin ɗauka ne, amma tarin haruffan ba zai yi amfani ga malamin da yake riƙe da yara 80 shi kaɗai ba, wanda idan aka ɗora masa alamomi 20 zai cika su ne da ka ranar Juma'a. Abin da ya fi dacewa shi ne rukunai kaɗan waɗanda za a iya rubutawa da harafi guda a gefen sifili: rashin lafiya, aikin gida ko gona ko talla, uzurin iyali kamar rasuwa ko tafiya, larurar da ta fi ƙarfin kowa, sai kuma wanda ba a san dalilinsa ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin shi ne yake tilasta wa malami ya tambayi maƙwabcin yaron a aji, ko ya aika wa mai unguwa, ko ya taka da ƙafarsa zuwa gidan.

Makara ma tana bukatar alamarta daban, kuma a nan ne makarantu da yawa suka yi wa kansu illa ba su sani ba. Yaron da ya ɗebo ruwa ko ya kai ƙannensa makarantar allo kafin ya taho, idan ya san bulala da yankan ciyawa ne suke jiran sa a bakin ƙofa, sai ya gwammace ya juya, da haka makarar minti 20 take zama fashin yini guda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta tanadi jan kunne a karo na farko ga uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, da naira 5,000 ko wata biyu a bayan haka, amma abu ne mai wuya a ji an gurfanar da wani a kanta, kuma ko a zamanin En'e, lokacin da ake ɗora wa dagatai nauyin kawo yara, tilas tana cika benci ne na ɗan lokaci kawai.

Sauran matsalar ita ce gaskiyar abin da aka rubuta. Duk lokacin da aka ɗaura wata fa'ida a kan yawan ɗalibai, ko yawan malaman da za a turo, ko littattafai, ko abinci irin na shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, sai sha'awar barin sunayen waɗanda suka tafi ta ƙaru, kuma tun a guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976, lokacin da yara suka yi wa azuzuwa yawa, aka san bambancin da ke tsakanin wanda aka rubuta sunansa da wanda yake zaune a aji. Alƙaluman da ake yawan ambatawa, kamar yara miliyan 10.5 da hukumar UNICEF ta taɓa cewa ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, ba sa bayyana halin yaron da yake zuwa kwana biyu a mako, wanda shi ne zai kai aji shida bai iya karanta sunansa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, gaggawar soke suna tana da nata haɗari, musamman ga 'ya'yan Fulani makiyaya, waɗanda aka kafa hukumar ilimin makiyaya dominsu a 1989, da kuma 'ya'yan masu zuwa cin rani, domin tafiyarsu ta lokaci ce, kuma yaron da ya dawo ya tarar an goge shi ba kasafai yake sake neman gurbi ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ware irin waɗannan sunaye a ƙasan shafi tare da ranar da aka gan su ta ƙarshe da inda aka ce sun nufa, a cire su daga lissafin mako don kada su ɓata kason aji, amma kada a rufe layinsu a babbar rajistar shiga makaranta sai bayan hedimasta da kwamitin iyaye sun tabbatar daga bakin iyalin cewa yaron ya koma wata makaranta ko kuwa ba zai dawo ba.