Ɗigon Hawaye da Bodin Katako

Kalma ma matafiyiya ce, kuma takan sauya kaya a hanya kamar yadda falke yake yi. Kalmar nan karaban, wadda muke kiran ɗakin kwanon ma'aikatan hanya da ita a Potiskum, daga ƙasar Farisa ta taso, inda take nufin ayari, wato jerin raƙuma da fatake. Turawa suka are ta, suka riƙe ta da wannan ma'ana shekaru aru-aru, daga bisani suka ɗora ta a kan ɗan ɗakin da doki ko mota ke ja. Ko da ta iso gare mu ta bakin 'yan kwangila, ta iso ba raƙumi, ba madugu, sau da yawa ma ba taya, an girke ta bisa bulo huɗu a bakin titi. Mu da muka gaji ayari tun kaka da kakanni, sai ga shi an dawo mana da sunansa a cikin gwangwani.

Wadda muka fara sani muna yara tana can bayan gari, wani kamfanin gina hanya ne ya tafi ya bar ta. Fara ce a da, rana ta mayar da ita launin toka. Mukan taka kafaɗar juna mu leƙa ta taga, mu ga gado manne da bango, da ɗan teburi mai naɗewa, da wani kwano mai famfo da bai taɓa zubo mana ko ɗigo ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda kowane abu yake da gurbinsa, babu tazarar da aka bari banza. Daga baya wani mai shayi ya mayar da ita wurin ajiye kwalaye, bayansa kaji suka gaje ta, bayan kaji kuma 'yan jari-bola.

Sai da muka girma muka san cewa irin wannan ɗaki yana da dangi da tarihi. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa a Ingila, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗakin katako a kan taya, dawakai biyu suna ja, ya yi ta yawo da shi domin shan iska kurum. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiya, kuma ɗakin likitan yana nan a adane har yau. Da mota ta yawaita, sai doki ya huta. A Amurka wani mai suna Wally Byam ya yi suna da ƙera Airstream, ɗakuna masu ƙyalli kamar cikin jirgin sama, har ya jagoranci guda 41 daga Cape Town zuwa Alƙahira tsakanin 1959 da 1960. To, wannan kam ya cancanci a kira shi madugu, ko da yake ayarinsa bai ɗauko goro ba, bai kai kanwa ba.

Amma wanda ya fi shiga ranmu shi ne ƙaramin cikinsu, wanda suke kira ɗigon hawaye saboda siffarsa: gaba a kumbure, baya a tsuke, kamar ƙwalla ta kwanta a gicciye. Ya bayyana a Amurka cikin shekarun 1930, lokacin da talauci ya game ƙasar, ya kuma bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da mutane suka riƙa ƙera shi a bayan gidajensu da ragowar gorar ruwan jiragen yaƙi da tayoyin motocin soja. Faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8, ba a iya miƙewa tsaye a ciki. Shimfiɗar mutum biyu ce kawai, sai murfi a baya wanda in an ɗaga shi za a tarar da risho da tukunya da kwanuka. Girki a waje, kwana a ciki. Yayinsa ya wuce wajen shekarun 1960, sa'ad da mutane suka koma wa manyan ɗakuna, sa'an nan jikoki suka dawo suna tono tsofaffin daga rumbunan kakanninsu, suna kankare tsatsa, suna taruwa suna nuna wa juna.

Ranar da muka ga hoton wannan murfi a ɗage, dariya muka yi, domin mun san shi. Akwatin nan ne da ke rataye a ƙarƙashin kowace babbar mota a tashar Potiskum, wanda yaron mota yake buɗewa da magariba ya fito da risho da tukunya da ƙullin shinkafa da galan na man gyaɗa, murfin ya zama teburinsa. Tabarma tana naɗe a bayan kujera, buta tana rataye a gefe, wani ma ya ɗaura ragar kwana tsakanin tayoyi. Direba a cikin kai, yara a ƙarƙashi. Ba wanda ya zana musu taswira, buƙata ce ta koya musu, kuma ta kai su inda ta kai kafintan Amurka.

Ba abin mamaki ba ne a sami wannan hikima a garinmu. Dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya shiga Maiduguri a 1964 ta hanyar Bauchi da Gombe, amma bai bi ta Potiskum ba. Abin da jirgi ya hana mu, mota ta ba mu. Garin yana zaune inda hanyar Kano zuwa Maiduguri ta haɗu da ta Bauchi da ta Gombe da ta Gashuwa, ga kuma kasuwar shanu wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma duk san da aka saya sai an ɗora shi a kan wani abu ya kai Kudu. Saboda haka muka tashi cikin ƙarar Bedford da Marsandi 911 da Steyr ɗin da ake haɗawa a Bauchi. Kai da ƙashin mota kaɗai ake sayowa, sauran aikin na kafintocinmu ne. Su ne za su gina bodin katako, su ɗaure shi da ƙarfe, su yi masa rumfa a bisa kan direba inda fasinja mai ƙarfin hali yake zama, sa'an nan mai fenti ya zo ya zana zaki da dabino da jirgin sama, ya rubuta addu'a ko habaici a goshi. Babu mota biyu masu kama ɗaya, kuma daga nesa yaro yakan faɗi mai ita.

Kafin mota ma akwai waɗanda suka riga kowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Fika ya ga Fulani sun yi ƙaura, ya ga gida sukutum a bayan takarkari: ƙirare a ɗaure, tabarmi a naɗe, ƙore a jere cikin raga, ɗan maraƙin da aka haifa jiya a saman kaya. Kafin rana ta faɗi mata sun kafa bukka, hayaƙi ya tashi. In ana maganar iya tsara kaya a ƙaramin wuri, mu dai ba mu ga wanda ya kai Bafillatana ba.

Inda muka rabu da masu ɗigon hawaye shi ne wajen adanawa. Su tsohon ɗakinsu ya zama abin gado. Mu tsohon bodinmu, in ya gaji, sai a ɓalle katakon a kai wa mai ƙosai, ƙarfen kuma a auna a kilo. Tirelolin ƙarfe sun maye gurbinsa, DAF da MAN da na Sin, masu launi ɗaya da lamba ɗaya, kuma kafintocin da suka san yadda ake haɗa bodi ya yi shekara ashirin bai saki ba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma walda. Jihar Yobe ta samu tun 1991, amma har yau ba mu san wani wuri a garin nan da za mu kai ɗa mu nuna masa motar da ta ciyar da kakansa ba.

Mun taɓa kai wannan kuka wurin wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana jigilar shanu zuwa Ikko. Muka nuna masa hoton ɗigon hawaye, muka ce, "Baba, kun ga yadda wasu suke riƙe da nasu? Da kun bar mana taku ko don tarihi." Ya juya hoton, ya daɗe yana duban murfin baya, ya yaba aikin ƙwarai. Sa'an nan ya tambaya, "Yanzu shi mai wannan, yana da gidansa na ƙasa?" Muka ce yana da shi. Ya ce, "To, 'ya'yana, ai shi ya sa. Wanda ya kwana a ƙarƙashin mota don marmari daban, wanda ya kwana don ya biya kuɗin makarantarku daban. Ni da na sayar da ita, da kuɗin na yi rufin ɗakin da kuke zaune a ciki."

Ba mu da amsa a ranar, kuma shekarun da suka biyo baya ba su sauƙaƙa mana samun ta ba. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu, aka rasa rayuka da dabbobi masu yawa. A Nuwamban 2014 bam ya tashi a tsakiyar ɗaliban makarantar kimiyya suna taron safe, yara fiye da 40 suka rasu. A tsakanin nan mun ga gida a kan taya irin wanda babu mai ɗaukar hotonsa don sha'awa: tirelar shanu an share ta an wanke, an loda gado da katifa da turmi da keken ɗinki, tsohuwa tana zaune a saman kaya riƙe da buta, an nufi Bauchi ko Gombe ko Kano. Wasu sun dawo, wasu sun yi gida a can.

Duk da haka muna nan a kan bakanmu, ko da Baba ya fi mu hujja. A wani garejin hanyar Kano akwai wata 911 da ta yi shekaru a tsugune, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, zakin da ke gefenta saura kai da wutsiya. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka je tayawa, mai ita ya ce mu dawo bayan kaka, domin wani mai sayen ƙarfe ya riga ya yi magana, kuma shi kuɗi a hannu yake biya.