Kunnen Da Aka Toshe A Gidan Motsa Jiki

Bara da damina likita ya auna jininmu, ya dube mu ta saman tabarau, ya ce, "Malam, ko dai ka fara motsa jiki, ko kuwa ka fara haɗiyar ƙwaya kowace safiya." Mu a zatonmu tsayuwa gaban allo daga safe har azahar ta isa motsa jiki, ashe ba haka ba ne. Da muka faɗa wa iyali, ɗanmu na fari, wanda ya ke hutu daga makaranta, ya ce, "Baba, gobe sai mu tafi jim tare." Jim, ga wanda bai sani ba, gida ne inda a ke biyan kuɗi domin a ɗaga ƙarfe, a kuma yi gudu a kan inji ba tare da an je ko'ina ba. Da kakanninmu masu garma sun ji wannan labari, da sun yi dariya har da hawaye.

Abin da ya fara ba mu mamaki a wurin ba ƙarafan ba ne. Ga samari da 'yan mata wajen ashirin, amma ba mai ce wa wani uffan. Muka ce, "Sannunku da aiki," ba wanda ya amsa. Kowa yana da wani ɗan abu a kunne, fari ko baƙi, bai fi kwanson gyaɗa girma ba, babu ko igiya a jikinsa. Iyafis ne irin na yanzu, wanda ya ke haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ranar da uwar yara ta fara ganinsa a kunnen ɗanta ta ɗauka 'yan kunne ne, saura kaɗan ta kai ƙara wurin Fasto.

Rana ta uku ɗanmu ya ara mana nasa. A lokacin janareto yana ruri bayan taga, fankoki suna juyawa, injunan gudu suna gunaguni. Ya taɓa abin da yatsa, sai wurin ya yi tsit, sai ka ce an jawo ƙofa an rufe. Har numfashinmu mu ke ji. Gaskiya mun ji daɗi ƙwarai, ba za mu ɓoye ba.

Malami kuwa ba ya ganin abu ya ƙyale bai tambayi yadda ya ke aiki ba. Sauti dai rawar iska ne, tana matsowa tana komawa, ta bugi dodon kunne. Cikin iyafis ɗin akwai 'yan ƙananan makirfo masu sauraron ƙarar waje. Nan take na'urar ta kan ƙago wata ƙara kishiyar waccan, inda waccan ta tura, wannan ta ja, su kashe juna kafin su kai ciki. Kamar yara biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, kowa yana wahala amma igiyar tana nan wuri guda. Dabarar ta fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta sākewa, irin ta janareto da jirgin sama. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi wa tunanin rajista tun shekarun 1930. A 1978 Amar Bose, malamin jami'a a Amurka, ya kasa jin kiɗa a jirgi saboda rurin inji, ya fara lissafi tun bai sauka ba. A 1986 matuƙan jirgin Voyager, waɗanda suka kewaya duniya cikin kwana 9 ba sauka, sun sa na gwaji na kamfaninsa. Abin da aka yi wa matuƙan jirgi, ga shi yau a kunnen yaranmu.

Sai mu faɗi alherinsa, gama yana da shi. Mai iyafis na da, in ya shiga wuri mai hayaniya, dole ya ƙara murya har kiɗansa ya rinjayi janareto, a nan kuwa ɓarna ta ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraron ƙara mai desibel 80 har awa 40 a mako ba lahani. In ta kai 90, awa 4 kaɗai ke nan a mako. In ta kai 100, ko minti 30 ba a ba shi ba. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu kuwa ba ya sake tsirowa. A 2015 hukumar ta yi kashedi cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin hatsarin rasa ji saboda irin sauraron da su ke yi. Wanda abinsa ya kashe masa hayaniya yana iya sauraro a hankali, kunnensa ya huta. Mu kuma masu bi kada mu nuna wa samari yatsa tukuna: akwai majami'un da in ka zauna kusa da lasifika ran Lahadi, kunnenka zai yi ta ƙugi har Litinin.

Saboda haka muka tara kuɗi muka sayi namu. Ɗanmu ya nuna mana alamar IPX4 a jikin kwali, wato gumi da yayyafi ba za su lalata shi ba. Ya kuma hana mu wani mai araha da aka yi mana talla a kasuwa, ya ce a kwali kaɗai ya ke kashe ƙara. Mukan goge robar bayan kowane motsa jiki, domin gumi da dauɗa in sun kwana a kai suna iya sa ciwon kunne. Wata biyu muna tafiya lafiya, jini ya fara sauka, wando ya fara yin yawa.

Wata Asabar da sassafe mu huɗu ne kaɗai a ɗakin, mai lura da wurin ya fita zuba mai a janareto. Muna kan injin gudu, fuskarmu ga taga, muna sauraron wata waƙar sujada da mu ke ƙauna. Gumi yana zuba, zuciya tana bugawa, hannu kuwa ya ƙara murya sau biyu ko uku ba mu ko lura ba. Sai muka ji an fizgi rigarmu ta baya, saura kaɗan mu faɗi. Tsohuwar da ke sharar wurin ce, bakinta yana motsi, ba mu jin abin da ta ke faɗi. Muka waiwaya.

Wani mutum sa'anmu yana kwance a kan benci, sandar ƙarfe da nauyinta duka ta sauko masa a ƙirji tana gangarowa wajen wuya. Idanunsa sun firfito, ƙafafunsa suna dukan ƙasa. Tsakaninmu da shi bai fi taki uku ba. Muka ruga, muka bugi kafaɗar ɗanmu wanda shi ma kunnensa a toshe ya ke, muka kama gefe guda, ya kama guda, muka ɗauke. Mutumin ya daɗe yana tari. Da ya sami magana, bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, "Malam, na yi ta kira." Tsohuwar daga waje ta jiyo shi, da tsintsiya a hannunta, ga janareto yana ruri a gefenta.

A daren nan barci bai zo da wuri ba. Shekara nawa muna koya wa yara labarin Basamariye na Luka sura 10, muna tambayarsu laifin firist da Balawe, su kuwa suna ɗaga hannu suna amsawa daidai. Waɗancan biyu dai sun ga mutumin kafin su ratse. Mu ko jinsa ba mu yi ba, ga shi kuwa sunan Ubangiji ne ke cike da kunnenmu a wannan sa'a.

Mun so mu ɗora wa na'urar laifi, amma ɗanmu bai bar mu ba. Ya ce, "Baba, abin nan ba ya kashe muryar mutum sarai. Roba ta toshe rabi, waƙarka ta rufe saura." Ya kuma nuna mana cewa in an danna shi ta wata hanya, makirfo ɗin nan da ke kashe ƙara su ne za su shigo da muryoyin waje. Tun ranar da muka saya wannan yana ciki, mu ne ba mu tambaya ba, domin shirun muka biya kuɗi mu samu. Uwar yara ta ce a jefa su duka a masai. Ba mu jefa ba. Muka dai yi shawara a gida: a kan injin gudu a bar muryar waje ta shigo, a wurin ƙarfe a cire gaba ɗaya, mai gudu a bakin titi inda 'yan acaɓa ke wucewa kuwa kada ya sa ko ɗaya. Da yamma, in lokacin addu'ar iyali ya yi, kowa ya mai da nasa cikin 'yar akwatinsa a kan kabad.

Bayan mako uku mutumin ya dawo. Yanzu ba ya kwanciya ƙarƙashin ƙarfe sai da wani tsaye a kansa, tun da ɗanmu ya koma makaranta kuwa aikin ya faɗo a kanmu. Kowace Asabar tsohuwar takan tare mu a bakin ƙofa ta ce, "Malam, yau kunnen a buɗe ya ke?" Mu ce, "A buɗe ya ke, Mama." Sa'an nan mu sa iyafis a aljihu, mu tsaya a bayan benci muna ƙirga masa har takwas. A na shida ya kan fara nishi, a na bakwai mu kan miƙa hannu kusa da sandar.