Daga Gezawa Zuwa Makka Da Layi Marar Kati

A wannan fitowar ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran jin yadda za ta kaya tsakanin masoya sai su yi mini haƙuri. Labarin tafiya ne, da kuma wani ɗan abu da ba a gani da ido wanda ya riƙe mana zumunci tsakanin Gezawa da ƙasa mai tsarki har tsawon mako biyu.

Ga wadda ba ta san garinmu ba, idan kika bar Kano ta Yankaba kika miƙe titin Haɗeja, ba za ki yi awa guda a mota ba kin iso Gezawa. Ƙasa ce ta manoma wadda babu daji a cikinta, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Jogana mai tashar jirgin ƙasa, Babawa, Wangara, Tsamiya Babba, Ketawa, duk namu ne. Gonakinmu ba sa hutawa, kowace shekara sai an noma gero da dawa da gyaɗa da wake, taki ne kawai yake riƙe su, ga itatuwan gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye. Saboda wannan cunkoso, da wuya mutum ya wuni ba a san inda yake ba. In yaro ya makara a kiwo, kafin magariba gida uku sun tambaya. To mutanen da suka saba da haka, ki duba yadda zuciyarsu za ta kasance idan nasu ya tsallaka teku.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, takan ba mu labarin wani kawunta da ya tafi Makka a ƙasa tun tana ƙarama. A wancan zamani ta Barno ake bi, a ratsa Chadi, a shiga Sudan, ana tafe ana ƙodago a gonakin mutane don neman guzuri, har a kai bakin Bahar Maliya. Ta ce shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. Da yawa ma ba su dawo ba. Har yau akwai garin Mai Wurno a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma Hausa ake yi a can. Daga baya aka zo zamanin kaset, mutum ya ɗauki muryarsa a rediyo ya ba alhajin da zai dawo, a taru a tsakar gida ana saurare ana share hawaye. Sai a 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, ita ma ta daɗe kafin ta zama ta kowa da kowa a ƙauye.

A watan Oktoba na 2024, ana tsakiyar kaka, Baffana ƙanin mahaifinmu ya cika alkawarin da ya daɗe da ɗauka na kai Iya Umara. Da yake tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, aka ce sai da mace a kusa da ita, Allah ya sa rabon ya faɗo kaina. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yanzu duk gidan nan a rasa wadda za a haɗa ni da ita sai kishiyata?" Na ce, "Iya ai gara ni, ko ba komai in kin ɓata zan dawo in riƙe miki ɗakin." Aka kwashe da dariya, amma Ummanmu ba ta yi dariya ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Ni dai kullum in ji muryarku, ko da kalma biyu ce."

Wannan maganar ce ta sa na shiga bincike. Layinki na gida idan kin fita da shi waje zai iya aiki, amma a kan hanyar kamfanin wata ƙasa yake hawa, abin da ake kira romin, kuma kuɗinsa ba na talaka ba ne, musamman data. Hanya ta biyu ita ce ki sayi layin ƙasar da kika je. A Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain, amma sai kin nuna fasfo an ɗauki zanen yatsanki, ga layin mutane a filin jirgi, ga gajiya, ga tsohuwa a hannu. Hanya ta uku ita ce layi marar kati, wanda a cikin waya za ki ga an rubuta eSIM.

Yadda abin yake shi ne, maimakon ɗan katin nan da muke zarewa da tsinke, masu ƙera waya sun dasa wani ɗan mitsitsin sim a cikin cikin wayar tun daga masana'anta. Fanko yake zuwa, sai kamfanin layi ya turo masa bayanai ta intanet ya zama layi. Wayoyin iPhone sun fara zuwa da shi a 2018, kuma tun daga 2022 waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa kati ma sam. A nan gida MTN ya fara bayar da shi a 2020. Amma wanda matafiya suke amfani da shi daban ne. Akwai kamfanoni irin su Airalo da Holafly da suke sayar da data ta ƙasashe daban-daban a manhajarsu, ki zaɓi ƙasar da za ki, ki zaɓi giga nawa da kwana nawa, ki biya tun kina gida. Da kin sauka sai layin ya kama ɗaya daga cikin kamfanonin ƙasar.

Sai dai ba kowace waya ce take ɗauka ba, kuma a nan 'yan mata da yawa za su ji haushi, domin galibin wayoyin da muke riƙewa a ƙauye irin su Tecno da itel ba su da shi. Gwajin ba wuya, ki danna *#06# kamar za ki yi kira. Idan a cikin lambobin da suka fito kin ga wata doguwa mai lamba 32 an rubuta mata EID, to wayarki tana da shi. Sannan wayar ta zama ba a kulle take ga wani kamfani ba, domin wasu wayoyin da suka sha hannu a ƙasashen waje a kulle suke zuwa, ba sa karɓar baƙon layi. Duk mai sayen waya a Farm Centre ko Beirut Road da niyyar tafiya, ta tambayi waɗannan abubuwa biyu kafin ta miƙa kuɗi. Ni yayana ne ya ba ni aron tasa, bayan ya sa na rantse ba zan buɗe masa saƙonni ba.

Saura kwana biyu mu tashi na shiga Kano gidan Baffa inda akwai wayifai mai ƙarfi, domin sai da intanet ake sauke layin. Da dala suke sayarwa, don haka da katin bankin Baffa aka biya giga 5 na kwana 30. Suka turo wani hoto mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, na haska shi da kyamarar wayar, cikin ɗan lokaci sai ga layi na biyu ya bayyana a ƙarƙashin nawa na gida. Na kashe shi na ajiye, saboda galibi kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da ya kama sabis a can. Layina na gida kuwa na bar shi a kunne don saƙon banki, amma na rufe masa datar romin ruf, kar ya cinye mini kuɗi ina barci.

Daga filin jirgi na Malam Aminu Kano muka tashi. Iya ta ƙanƙame hannuna tana ta salati har muka daidaita a sama, sannan ta sake ni ta ce wai dama ni take tsoron kar in firgita. Da muka sauka Jidda, tun muna cikin jirgi na kunna layin. Kafin mu kai wurin duba fasfo na tura wa ƙanwata saƙon murya a WhatsApp, da lambata ta gida kuwa, domin WhatsApp ba ya canza lamba don kin canza hanyar data. Na kanga wa Iya wayar a baki ta ce, "Mun sauka lafiya, ku ba tumakina dusa." Iyakar saƙonta na farko daga ƙasa mai tsarki ke nan.

Saudiyya ta riga mu da awa biyu, don haka idan mun idar da isha'i a Harami, a gida ana shirin magariba ne ko an yi. Ƙanwata takan kai wayarta wurin mai caji tun da rana, da dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Umma da matan maƙwabta su zauna a kunna muryarmu. Mu kuma mu ji an gama yankan gero, an fara cirar gyaɗa, akuyar wance ta haihu. Ranar da Iya ta fara ganin Ka'aba ta kasa magana, kuka kawai take yi, shi na ɗauka na tura. An ce a gidan ba wanda bai yi hawaye ba.

Ba hira kaɗai layin ya yi mana ba. Taswirar waya ce take mayar da mu masauki a unguwar Misfala, inda titunan duk kama suke yi wa baƙo. Da muka hau jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018, mai tafiyar kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, tikitinmu a waya yake. A Madina kuma ba a shiga Rauda sai da izinin da ake nema a manhajar Nusuk, mata da lokacinsu, maza da nasu. Wadda ba ta da data sai ta yi ta bin mutane tana roƙo.

Amma abin da ba zan manta ba ya faru ne a daren kwananmu na huɗu a Makka. Mun fito ta Ƙofar Sarki Abdul'aziz, jama'a kamar ƙasa, sai na ji ana kuka da Hausa a gindin wani ginshiƙi. Wata dattijuwa ce, ba takalmi a ƙafarta, daga jin harshenta mutuniyar Damagaram ce. Tun la'asar ta rabu da ayarinsu, ba ta san sunan masaukinsu ba, ba ta jin Larabci, ba ta da waya. Na durƙusa na ce, "Inna, ba ki da wata takarda a jikinki?" Sai ta kwance bakin mayafinta, ga wata 'yar takarda a ƙulle, 'yarta ta rubuta mata lambarta mai farawa da 227, wato ta Nijar. Na tura saƙon murya, Allah ya taimaka tana da WhatsApp. 'Yar tana kuka ta turo lambar jagoran ayarin, na tura masa alamar inda muke tsaye a taswira. Kafin ya iso Iya ta zaunar da matar kusa da ita, ta ba ta zamzam da dabino, suna ta hirar gero kamar sun shekara da sanin juna. Da zai tafi da ita ta kama kaina da hannu biyu ta yi ta sa albarka, har ta haɗa da miji nagari. Iya ta ce, "Amin, ko na huta da kishi."

Duk da haka kar in yi muku zuƙi ta malle, layin nan yana da iyakarsa. Yawancin irinsa data ce zalla, ba shi da lambar da za a kira ki, ke ma ba za ki kira ƙaramar waya mai madannai da shi ba. Da lambar nan ta matar Damagaram ba ta kan WhatsApp, da sai mun nemi mai layin ƙasar. Shi ya sa Baffa ya saya wa Iya layin Saudiyya a ƙaramar wayarta, muka rataya mata a wuya tare da katin masauki, shi ma ya sa irinsa a tasa. Sannan giga 5 ba rijiya ba ce. Saƙon murya ba ya cin komai, amma bidiyo da TikTok kura ne, wadda ta zauna hirar bidiyo da saurayi har asuba za ta wayi gari ba ta da abin neman hanya. Na kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu, manyan abubuwa kuma sai na koma masauki na hau wayifai. Haka kuma ba a goge layin daga waya kafin a dawo, domin hoton nan mai ɗigo-ɗigo sau da yawa sau ɗaya yake aiki.

To 'yar uwa, ko Umara ce, ko karatu a Masar ko Indiya, ko rakiyar mara lafiya, ko aure ne zai kai ki wata ƙasa, shirin zaune ya fi na tsaye. Ki gwada wayarki, ki sauke layin tun kina gida, ki nuna wa wadda za ta riƙe waya a gida yadda ake kunna saƙon murya don iyayen da ba sa karatu. In kuwa da tsohuwa za ki, ki rubuta lambobi biyu a takarda da lambar ƙasa a gaba, tamu 234 ce, ki ƙulle mata a bakin mayafi kamar yadda 'yar Damagaram ta yi wa mahaifiyarta. Waya tana mutuwa, caji yana ƙarewa, takarda kuwa tana nan.

Allah ya kai waɗanda ba su je ba, ya maimaita wa waɗanda suka je. Masu tambaya kuma ƙofa a buɗe take, ku rubuto ta hannun edita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, taku ce har kullum.