Kakin Zuma da Sabulun Gida

Yawancin masu kiwon zuma a ƙasar Hausa ruwan zuman suke nema. Da an tace, sai a watsar da saƙar. Ni kuwa saboda kakin na kafa amya uku a gonarmu ta bayan gari, irin ta katako mai sanduna wadda ake kira amyar Kenya. A cikinta ana yanko saƙar ɗungurungum a matse, don haka take ba da kaki mai yawa. Kakin nan da tsada yake fitowa, domin sai ƙudan zuma ya sha kimanin kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin ya samar da kilo 1.

Aikina na harhaɗa magunguna a asibiti ne ya fara nuna mini darajarsa. Ga Jalinusu, likitan Girka na ƙarni na 2, ake danganta wani man shafawa na kaki da man zaitun da ruwan wardi, kuma har yau kaki yana cikin mayukan shafawa da dama. Shamaki yake yi wa fata, ya hana danshinta tserewa. Shi ya sa idan hunturu ya kama nake narka kashi 1 na kaki cikin kashi 4 na man kaɗanya da man zaitun, don faso da kaushi.

A cikin sabulu kuwa aikinsa kaɗan ne. Yana ƙara masa tauri, ya hana shi saurin narkewa a banɗaki. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin man ya wadatar. Idan ya zarce haka, kumfa raguwa take yi. Kaki ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64, saboda haka a narka shi cikin man tun kafin a zuba ruwan soda.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallar “sabulun zuma” da sunan maganin kowace cutar fata. Sau da yawa uwa takan iso tagarmu da yaron da aka yi watanni ana wanke wa makero da shi, gashi ya zube, ƙannensa ma sun kamu. Makero yana buƙatar maganin sha, irin su griseofulvin, na makonni. Ƙazwa kuma sai an shafa permethrin ko benzyl benzoate, kuma duk mutanen gidan a lokaci guda. Sabulu tsafta yake yi, iyakarsa ke nan.

Babban haɗarin ma yana cikin sodar da ake haɗa sabulun da ita. Ruwanta garau yake kamar na sha, kuma yaron da ya kurɓa yana iya ƙona maƙoshinsa, hanyar abinci ta tsuke, ya yi shekaru yana fama da haɗiya. Idan hakan ta faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya asibiti nan take. Mai haɗawa ta sa safar hannu da tabarau, ta riƙa zuba soda a cikin ruwa, kada ta zuba ruwa a kan soda, kuma ta guji tukunyar alminiyam. A auna komai da sikeli. Sabulun da aka yanka a bar shi ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin ya taɓa jikin kowa.

Ina ƙarfafa wa duk mai hali gwiwa ya kafa amya, nesa da gidaje, ya daina zubar da saƙa. Sai dai kafin a sayi soda, a fara tanadar mata wuri mai makulli, kuma kada a taɓa zuba ruwanta a gorar ruwan sha.