Hannun Yaro Amana Ne

Wasan besbol, wanda Amurkawa da Japanawa ke matuƙar ƙauna, kusan dukkansa a wuyan mutum ɗaya ya rataya, wato mai jifa. Shi ne zai tsaya a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, abokin hamayya kuma ya yi ƙoƙarin maka ta da kulki. A wasa ɗaya sai ya yi jifa tamanin ko ɗari, duk da hannu guda. To idan mai jifan ɗan shekara 11 ne, kamar ɗana da ke wasa a nan Amurka, wa ya kamata ya ce ya isa?

Hannun yaro ba irin na babba ba ne. A ƙarshen ƙasusuwansa akwai wani wuri mai laushi na guringuntsi, inda ƙashi ke ƙara tsawo, kuma bai fi ƙarfin jijiyoyin da ke jansa ba. Yawan jifa yakan sa wurin ya kumbura ko ya buɗe, a saman ƙashin dantse kusa da kafaɗa, ko a gefen gwiwar hannu ta ciki. Ba faɗuwa ce ke kawo wannan ciwo ba. A hankali yake taruwa, jifa bayan jifa. Maganinsa galibi shi ne a ajiye ƙwallo gaba ɗaya na kimanin wata uku.

Abin da na lura da shi shi ne, yaro ba ya taɓa cewa ya gaji. Na sha tambayar nawa bayan wasa, "Yaya hannun?" Sai ya ce, "Lafiya lau, Baba," alhali ina kallonsa yana murza kafaɗa. Ba ƙarya yake nufi ba. Tsoro yake kada a ba wani gurbinsa, kada abokai su ce rago ne. Shi ya sa nake zama a bakin fili da takarda da biro ina ƙirga kowace jifa.

Ƙirgar nan doka ce. Tun 2007 hukumar Little League ta fara ƙayyade yawan jifa. Ɗan shekara 9 zuwa 10 ba zai wuce 75 a rana ba, ɗan 11 zuwa 12 kuwa 85, kuma wanda ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. Wata cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da ke Birmingham a jihar Alabama, inda Dakta James Andrews da Glenn Fleisig suka yi aiki, ta bi yara 481 har shekara goma. Sakamakon da ta fitar a 2011 ya nuna cewa wanda ya yi jifa a zagaye fiye da 100 cikin shekara guda, haɗarin mummunan rauni a kansa ya ninka sau uku da rabi. Matsalar ita ce yaro zai iya shiga ƙungiya biyu, kowane koci yana ƙirga nasa kawai. Uba ne kaɗai ke ganin jimlar.

Wasu iyayen sun dogara da tiyata. A 1974 Dakta Frank Jobe ya sauya wa Tommy John jijiyar gwiwar hannu da ta tsinke, ya dawo ya yi wasa har 1989. Amma shi babban mutum ne mai shekara 31, kuma jinyar takan ci shekara guda ko fiye. Rigakafi ya fi magani.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Japan ya zo, inda gasar makarantun sakandare ta Koshien take kamar Sallah. A can ne Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya a 1998, aka ɗauke shi gwarzo. Amma a 2019 kocin makarantar Ofunato, Yohei Kokubo, ya hana tauraronsa Roki Sasaki jifa a wasan ƙarshe na lardin Iwate, domin ya yi wasa kwana guda kafin nan. Makarantar ta shekara 35 ba ta je gasar bazara ta Koshien ba. Aka lallasa su da ci 12 da 2, kocin ya sha zagi. A 2020 aka kafa dokar jifa 500 a mako. A 2022 Sasaki ya yi wasan da ko mutum ɗaya bai samu wucewa ba. Shi ma ya yi fama da kafaɗa a 2025, domin hutu ba laya ba ne, amma ya isa fagen manya da hannunsa.

Ni dai ina bayan Kokubo. Kofin yara, bayan shekara biyu ba mai tuna wanda ya ɗauka, amma da hannun nan yaro zai yi rubutu, ya ɗauki 'ya'yansa. Tunda ba zai iya cewa a'a da kansa ba, wajibi ne babba ya faɗa a madadinsa, ko da kuwa zai sha fushi. Allah Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.