Naira ɗari a kan kowace kilomita

Rubutun nan dogo ne, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Mutanen Bacirawa da ke ganina ina gudu a burtali bayan sallar asuba sun gaji da tambayata ko lafiya. Wasu sun ce aikin soja nake nema da tsufana, wasu sun ce likita ne ya ce in rage tumbi. Babu ko ɗaya. Shirin gudun famfalaki na Legas nake yi, wanda ake yi tun daga 2016, yawanci a watan Fabrairu, kilomita 42 da 'yan ɗori, wato kusan tazarar Kano zuwa Bichi. Ba don kyauta ba, kyautar 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe ta, mu ma a gida 'yan Filato sun fi ƙarfinmu. Niyyata in tara kuɗi don binciken ciwon daji.

Wannan dabara ba tawa ba ce. Wani saurayi ɗan Kanada mai suna Terry Fox ne ya fi kowa fito da ita. Yana da shekara 18 aka yanke masa ƙafar dama a 1977 saboda sankarar ƙashi. Ya yi sama da shekara yana koyon gudu da ƙafar roba, sannan ranar 12 ga Afrilu 1980 ya tashi daga St. John's, can bakin teku ta gabas, da nufin ratsa ƙasar gaba ɗaya a guje. Kusan kilomita 42 yake yi kullum. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, sai ciwon ya bayyana a huhunsa, dole ya tsaya kusa da Thunder Bay ranar 1 ga Satumba. Ya rasu a watan Yunin 1981 yana ɗan shekara 22. Abin da ya fi ja mini hankali a labarinsa shi ne roƙon da ya yi. Dala ɗaya ya nema daga kowane ɗan ƙasa, su miliyan 24 a lokacin, kuma an haɗa ta tun yana da rai. Har yau ana yin gudun tunawa da shi duk shekara, abin da aka tara ya haura dala miliyan 800 ta Kanada, kuma bincike aka nufa da kuɗin.

Da na ba Baffana wannan labari sai ya gyara zama ya ce, "To ɗana, na ji. Amma ga mai ciwon kwance a ɗaki, ba shi da kuɗin allura, kai kuma ka ce a kai wa masu bincike? Wanne ya fi lada?" Ban iya ba shi amsa nan take ba, don maganarsa tana da nauyi. Mu mutane ne masu taimako. A yi sanarwa a masallaci cewa wance tana kwance, kafin la'asar an haɗa wani abu. Amma ku lura da lokacin da muke haɗawar. Sai ƙullutun ciwon ya fashe, sai an gama zagaye masu magani, an sayar da tunkiya da gona, sannan a ɗauki mara lafiya zuwa babban asibiti. Haka aka yi da gwaggona. Da aka kai ta wani asibiti a wata jiha don a gasa ciwon, aka ce na'ura ta lalace, a dawo. Ba ta kai ranar komawa ba, Allah Ya jiƙan ta. Kuɗin da aka tara mata ya yi amfani, ya rage mata raɗaɗi, amma bai hana wata matar bin sawunta ba. Ban ce a daina taimakon na kwance ba. Na ce dai duk gudummawarmu a ƙarshen hanya take taruwa, farkon hanyar babu kowa.

Da yawa in sun ji an ce bincike sai su hango Turawa da fararen riguna a Amurka. Ku bari in kawo shi gonarmu. Gyaɗa da masarar da aka tara ba su gama bushewa ba, ko aka zuba a rumbu mai laima, suna yin hunhuna, hunhunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. In ta haɗu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sosai. Mun sha ganin magidanci a tsakiyar ƙarfinsa, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne. Haka tsargiya. Yaro ya yi wanka a kududdufi, ya fara fitsarin jini, a yi dariya a ce ya zama namiji. Tsutsar tana zuba ƙwai a bangon mafitsara, in aka bar ta shekara da shekaru tana iya jawo sankarar mafitsara, alhali maganinta ƙwaya ce mai araha. Waɗannan duk ba wahayi aka yi wa kowa ba. Wasu ne suka zauna suka ƙirga marasa lafiya, suka tambayi abin da suke ci da ruwan da suke shiga, suka duba a madubin likita. Daga irin wannan aiki aka samo rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai, da rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, Kano tana cikin jihohin farko.

Kuma Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. A Yuganda ne likita Denis Burkitt ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a 1958. Daga samfurinta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana narkar da ita, har ya sami lambar Lasker a 1972.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 128,000 suka kamu a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Ƙiyasi ne, an gina shi a kan 'yan rajistocin da ke manyan asibitoci. Wanda ya rasu a ɗakinsa a ƙauye bai shiga littafin kowa ba. A ganina nan ne ƙaramin kuɗi zai yi babban aiki. Ba za mu iya sayen na'urar gashi ba, wannan aikin gwamnati ne da cibiyar NICRAT da ta kafa. Amma za mu iya biyan kuɗin mota da kayan gwaji ga ɗalibin likita da zai shiga ƙauyukanmu ya auna jini, ya ɗebi samfurin gyaɗa daga rumbu da kasuwar Dawanau, ya rubuta abin da ya gani.

Masu tambayar yadda ake shirin, ga abin da jikina ya koya mini. Ba a farawa da gudu, da tafiya ake farawa, a riƙa sirka ta da sassarfa. Mafi yawan atisayen a hankali ake yin sa, yadda in wani ya yi maka sallama za ka amsa har ka tambayi iyali ba tare da haki ba. Matasanmu masu ƙwallo sun fi shan wahalar wannan, don su a wajensu gudun da ba a wuce kowa ba ba gudu ba ne. Sau ɗaya a mako ake yin doguwar tafiya, ana ƙara mata kaɗan kaɗan, sannan a bar jiki ya huta. Huhu yana saurin sabawa, amma jijiya da ƙashi suna da nawa, shi ya sa mai gaggawa yake ƙarewa da ciwon ƙwauri ko gwiwa. Sannu ba ta hana zuwa. Wajen kilomita 30 kuma abincin da jiki ya adana a tsoka yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi, kai ya fara ba ka shawarar zama. Maganin wannan a ci wani abu tun kafin a kai can. Ni dabino nake zubawa a aljihu, da gorar ruwa mai ɗan gishiri da sukari. In na dawo, koko da ƙosai, da rana fura.

Burtalinmu alheri ne ga gwiwa, ƙasa ta fi kwalta taushi, sai dai yashi da ƙaya da karnukan da ba su san niyyar alheri ba. Takalmi na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, a sayi mai ɗan yalwa don ƙafa tana kumbura. Abin da ke damuna shi ne yanayi. A nan cikin sanyin hunturu nake gudu, iska busasshiya, gumi yana bushewa tun bai sauko ba. A Legas iskar jiƙaƙƙiya ce, gumin ba ya tashi, jiki ba ya hucewa. Don haka wani lokaci nakan jinkirta fita sai hantsi ya ɗaga, in saba da zafi. Duk wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, ko akwai sikila a gidansu, ya ga likita kafin ya biyo ni. Iyayenmu mata da 'yan'uwa mata kuma ba sai sun yi gudu ba. Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu tattaki take shiryawa a Abuja duk watan Oktoba, kuma dubban mutane suna fita.

Saura maganar kuɗi, inda irin wannan abu ya saba lalacewa. Mun ga gidauniyoyi a Facebook da aka tara, aka yi hoto, daga nan shiru. Saboda haka ba zan sa lambar asusuna ba, kuma duk wanda ya turo muku wata lamba da sunana ɓarawo ne. Kuɗin motata da masauki da takalmi daga aljihuna za su fito. Na roƙi liman da mai unguwa da wata malamar asibiti 'yar garin nan su riƙe asusun, ba a cire ko sisi sai da sa hannun biyu daga cikinsu. Zan nemi zama da masu rajistar sankara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su nuna mana aikin da kuɗinmu zai iya ɗauka, a rubuta a takarda, in liƙa ta a nan kowa ya karanta.

Abin da nake roƙo yanzu alkawari ne kawai. Naira 100 a kan kowace kilomita da na gama. In na kai ƙarshe, naira 4,200 ke nan. In ƙafa ta ƙi a kilomita 25, ka biya 2,500, ka yi mini dariya kyauta. Mai ƙarfi ya ƙara, marar ƙarfi su haɗu su biyar su ɗauki kaso ɗaya. Baffa ya ce shi kwanon gero zai bayar, amma sai ya ga takardar.

Wanda ya yarda ya rubuta sunansa a ƙasa. Wanda ke da jariri a gida kuma ya duba katinsa yau, ya ga ko an yi masa allurar ciwon hanta.